Ranar Ɗaukar Hoto a Bamako ta Da

A Bamako ta shekarun 1950, ɗaukar hoto sha'ani ne da ake yi wa shiri kamar na biki. Mace takan yi kitso tun ana gobe, ta ƙunsa lalle, ta ciro zanen da ta adana a ƙasan adaka, in 'yan kunnenta ba su kai ba ta ari na yayarta. Daga nan sai unguwar Bamako-Kura, gidan mai ɗaukar hoto Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin sana'arsa a 1948. Tashar jirgin ƙasa na kusa, don haka matafiyan layin Dakar ma sukan ratse a ɗauke su, su tafi wa dangi da tsaraba.

A tsakar gida ake aikin, da hasken rana. Labulen da Keïta ya fara ratayawa a bango zanen gadonsa ne. Ya kuma tanadi kayan aro: rediyo, agogon hannu, alƙalami, tabarau, kwat, keke, babur ɗin Vespa, daga baya har da motarsa. Saurayin da ko ƙararrawar keke bai mallaka ba sai ya dafa babur, ya ɗaga haɓa. Wasu na kiran wannan ƙarya, amma wa aka yaudara? Duk gari an san rediyon na Seydou ne, ga shi nan a hoton maƙwabci. Mutum burinsa yake nunawa, kuma dangi sun gane.

Fim na da tsada, galibi sau ɗaya ake dannawa. Shi ya sa mai hoto yakan daɗe yana gyara zama. A karkata kafaɗa, a baza bakin riga, a ɗora hannu bisa gwiwa yadda zobe da lalle za su fito. Wata ta kishingiɗa ta tallabe kai. Ba a cika washe baki ba, domin hoton da zai shiga gidan surukai kamun kai ake so a gani a cikinsa. Inda gwanintar take a wurina shi ne yadda zanen atamfa ke haɗuwa da zanen labule har su kusa cakuɗewa, sai fuska kaɗai ta tsaya fes a tsakiya, alhali babu launi sai baƙi da fari.

A 1962 Keïta ya koma ɗaukar wa gwamnati hoto, zamani kuma ya juya ga Malick Sidibé, mai bin matasa wuraren rawa yana ɗaukarsu hoto. Keïta ya rasu a Faris a 2001. Yau hotunansa na rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, amma yawancin mutanen da ke ciki ba a san sunayensu ba.

Mu ma muna da irinsu, hotunan Sallah da na aure da ke kwance a akwatunan kakanni. A ciro su tun tsofaffi na da rai, a tambaye su wane ne wannan, a rubuta suna da shekara a bayan kowanne.