Gyaran Ɗaki da Hannunmu: Katakon Gindin Bango da Fentinsa

Idan Sallah ta matso, gidaje da yawa a nan Kawo sukan shiga gyare-gyare. Kuɗin kafinta da na mai fenti ya yi tsada, shi ya sa iyaye kan sayo kayan aiki su ce a yi a gida, kuma mu yara mu ne 'yan riƙe tsani da miƙa ƙusa. Shafa wa bango fenti kowa ya iya. Inda aikin ke tona asirin mai shi shi ne gefe-gefe: katakon da ake zagaya gindin bango da shi, wanda masu aiki ke kira sikatin, da na bakin ƙofa da taga, da wanda ke rufe mahaɗar bango da silin.

Wasu na ɗauka ado ne kawai. Ba haka ba ne. Gindin bango shi ke shan ruwan mofa da dukan tsintsiya da ƙafar kujera. Ku dubi bangon ajinku, za ku ga daga ƙasa yake fara lalacewa. Sikatin yana kare wurin, yana kuma rufe 'yar kafar da kyankyaso da tururuwa ke bi.

Aikin farko awo ne, kuma a nan lissafin da muke gudu a aji yake kama mu. A ce ɗaki ƙafa 12 ne tsawo, ƙafa 12 faɗi. Zagayensa ƙafa 48 ke nan. A cire ƙafa 3 na ƙofa, saura 45. Katako yawanci mai tsawon ƙafa 12 ake sayarwa, don haka guda huɗu za su isa a takarda. Amma a sayi biyar. Zarto yana cin nasa, wani katakon kuma bakinsa a tsage yake, kuma babu wanda zai so ya sake biyan kuɗin Keke ya koma Panteka saboda guntu ɗaya.

Wajen zaɓe a ɗaga katakon, a kanne ido ɗaya a dube shi daga baki zuwa baki. Mai lanƙwasa ba zai kwanta a bango ba. Ɗanye kuma ya fi shi sharri, domin katako yana shan danshi da damina ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. Wanda ya kafa ɗanyen katako a watan Agusta zai ga mahaɗarsa ta buɗe baki kafin Janairu. Sai kuma gara. Kafin a kafa, a shafe bayan katakon da maganin gara, wato ɓangaren da zai jingina da bango, don ta nan take shiga ba a gani. Saboda tsoronta ne ma gidaje da yawa suka koma yin sikatin da tayil.

Kusurwa ita ce jarrabawar. Bango biyu suna haɗuwa a kan digiri 90, saboda haka kowane katako za a yanke bakinsa a karkace, digiri 45, su haɗu su cika 90, kamar firam ɗin hoto. Matsalar ita ce magina ba kullum suke fitar da kusurwa daidai ba. Dabarar kafintoci ita ce su fara gwadawa da guntaye biyu, su gyara yankan har ya zauna, sannan su taɓa dogon katakon. A bangon bulo da siminti ƙusar kankare ake amfani da ita, ta katako lanƙwashewa take yi. A nutsar da kan ƙusar, a cike ramin da garin katako da aka kwaɓa da gam, idan ya bushe a goge da samfefa.

Fenti iri biyu ne a nan. Fentin ruwa na bango ne, yana bushewa cikin 'yan awoyi. Fentin mai shi ne na katako, don yana ƙyalli kuma ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Shi ne malamai ke sa a shafa a rabin bangon aji na ƙasa saboda hannayenmu. Ya fi sauƙi a yi wa katakon shafin farko tun yana ƙasa kafin a kafa shi, na biyu kuma bayan an kafa. A yi shafi siriri sau biyu, a bar kwana guda tsakani. Mai gaggawa da ya lafta shi da kauri sau ɗaya zai ga yana zubar hawaye, kuma ciki ba zai bushe ba. Idan ana ƙurar hunturu a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, in ba haka ba ƙurar za ta manne, katakon ya koma kamar samfefa.

Akwai abin da ya fi kyan ɗaki muhimmanci. Wasu fentin mai, musamman tsofaffi masu launin ja da rawaya, suna ɗauke da dalma. Amurka ta hana sa ta a fentin gida tun 1978, amma a ƙasashe da dama an ci gaba da sayar da irinsa. Mu a Arewa mun san dalma: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurarta daga duwatsun zinare da ake niƙawa a gida. Ta fenti ba ta kai wannan yawan ba, amma tana taruwa a jiki a hankali, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta rage masa fahimtar karatu. Ku tuna kuma sikatin yana daidai tsawon ƙaninmu mai rarrafe, wanda komai ya tsinta baki yake kaiwa.

Saboda haka idan za a kankare tsohon fenti, a jiƙa shi tukuna don kada ya tashi ƙura, a fitar da ƙananan yara da mai juna biyu, a kwashe ɓawon da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba. A buɗe tagogi saboda wari, kada a kunna risho ko maganin sauro kusa da kananzir ɗin wanke burushi. Gwangwanin fentin kuma ko ya yi kyau kada a ba Mama ta zuba gero ko ruwan sha a ciki.