Nahawu da Kalmomi da Karatun Ingilishi a Manyan Makarantun Sakandare na Ƙasar Sin

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin sakandare a Nijeriya yana koyon Ingilishi a ƙasar da Ingilishi yake harshen hukuma da kotu da jarida, kuma da shi ake koya masa lissafi da kimiyya. Takwaransa na ƙasar Sin ba haka yake ba. A wurinsa Ingilishi baƙon harshe ne, darasi ɗaya daga cikin darussa, wanda da wuya ya ji ana magana da shi a kasuwa ko a gida. Duk da haka, makin da zai samu a wannan darasi yana iya yanke masa hukuncin jami'ar da zai shiga. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake koyar da nahawu da kalmomi da karatun Ingilishi a shekaru uku na babbar sakandare a ƙasar Sin, da matsalolin da tsarin Sinanci yake haifar wa ɗalibi, da kuma tasirin jarrabawa a kan koyarwar baki ɗaya.

2.0 Matsayin Ingilishi a Tsarin Ilimin Sin

Koyar da Ingilishi a makarantar hukuma ya samo asali ne daga makarantar tafintoci ta Tongwen Guan da aka buɗe a Beijing a 1862. Bayan kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, harshen Rasha ne ya mamaye makarantu, har zuwa 1964 lokacin da hukuma ta ayyana Ingilishi a matsayin baƙon harshe na farko. Juyin Juya Halin Al'adu na 1966 zuwa 1976 ya katse wannan yunƙuri. An dawo da jarrabawar shiga jami'a, wadda ake kira gaokao, a 1977, sa'annan aka riƙa ƙara wa baƙon harshe nauyi a hankali, har aka fara ƙirga cikakken makinsa a 1983. A 2001 Ma'aikatar Ilimi ta umarci a fara koyar da Ingilishi daga aji uku na firamare. Ke nan ɗalibin da ya kai ga gaokao ya yi kimanin shekara 10 yana wannan darasi.

Ana yin jarrabawar ce a watan Yuni, kuma a 2024 mutum fiye da miliyan 13 ne suka yi rajistarta. A yawancin larduna jimillar maki 750 ne, baƙon harshe yana da 150, daidai da Sinanci, daidai da lissafi. An yarda ɗalibi ya zaɓi harshen Rasha ko Japan ko Faransa ko Jamus ko Sifen, amma mafi rinjaye Ingilishi suke ɗauka. A takardar ƙasa ta sabon tsari, wadda ake yi cikin minti 120, an raba makin kamar haka: sauraro 30, karatu 50, amfani da harshe 30, rubutu 40. Babu magana da baki a cikin wannan rabo, kuma abin da jarrabawa ba ta tambaya, malami ba ya ɓata masa lokaci. Wannan na daga cikin dalilan abin da Sinawa da kansu suke kira "Ingilishin bebe", watau na wanda ya iya karantawa amma ya kasa furtawa.

3.0 Nahawu

Lado (1957) ya yi hasashen cewa inda harshen uwa ya saɓa da harshen da ake koyo, nan mai koyo zai fi shan wuya. Ko da yake Corder (1967) da Selinker (1972) sun nuna cewa ba kowane kuskure ne yake fitowa daga harshen uwa ba, kurakuran da aka fi sanin ɗaliban Sin da su suna da alaƙa ta zahiri da ƙirar Sinanci.

3.1 Aikatau da Lokaci

Aikatau a Sinanci ba ya sauya siffa, ko don lokaci ko don adadi ko don wanda ya yi aikin. Bayanau ko mahallin magana ne suke nuna lokaci:

(1) wo zuotian qu xuexiao
ni jiya tafi makaranta
'na tafi makaranta jiya'

(2) wo mingtian qu xuexiao
ni gobe tafi makaranta
'zan tafi makaranta gobe'

Kalmar qu ba ta canza ba. Akwai ƙananan kalmomi irin su le da guo da zhe, amma abin da suke nunawa shi ne yanayin aikin: ko ya kammala, ko an taɓa yin sa, ko yana ci gaba. Saboda haka ɗalibi yakan rubuta "I go to school yesterday", domin a tunaninsa yesterday ta riga ta gama aikin. Bahaushe aƙalla ya saba da wajibcin zaɓar lamirin lokaci, tsakanin na da zan da ina, a jimlar aikatau. Basine bai saba da wani wajibci irin wannan ba.

Tsarin sauti yana ƙara dagula lamarin. Gaɓar Sinancin Mandarin ba ta yarda da jerin baƙaƙe ba, kuma in ban da n da ng da wani sautin r, ba ta ƙarewa da baƙi. Ɗafa-ƙeyar -ed da -s ta Ingilishi kuwa a ƙarshen kalma take, sau da yawa bayan wani baƙin, kamar a asked da texts. Ɗalibi yakan shafe ta a furuci ko ya saƙala wasali, kuma abin da kunne bai saba ji ba, alƙalami yakan manta da shi.

3.2 Suna da Wakilinsa

Suna ba ya ɗaukar alamar jam'i bayan adadi. Ana cewa yi ben shu 'littafi ɗaya' da san ben shu 'littattafai uku', inda ben take kalmar rukuni da dole ta shiga tsakanin adadi da suna. Haka kuma babu takwarorin the da a. Hausa tana da madanganci, -n da -r, wanda yake ɗan kusantar the a wasu wurare. Sinanci yakan nuna abin da aka sani ta hanyar sanya shi a farkon jimla ko ta kalmar nuni. Wannan ya sa waɗannan ƙananan kalmomi biyu suke cikin abubuwan da ɗalibi yake daɗewa bai ƙware a kansu ba. Wakilin suna na mutum na uku kuma, ko namiji ko mace ko abu, duk ta ake furta shi. A rubuce kawai ake bambanta su. Shi ya sa ɗalibin da ya san ƙa'idar he da she sarai yake musanya su in yana magana da sauri.

3.3 Ginin Jimla

Li da Thompson (1976) sun sanya Sinanci cikin harsunan da suke fifita batu a kan aikau. Jimla takan fara da abin da ake magana a kansa, sa'annan sharhi ya biyo baya, kuma ana iya barin aikau in mahalli ya bayyana shi. Sifa tana iya zama ita ce sharhin ba tare da aikatau ba: ta hen gao, watau 'shi ƙwarai dogo', abin da yake haifar da "He very tall". Mahaɗai kuma tagwaye suke zuwa, suiran da danshi, ko yinwei da suoyi, don haka ɗalibi yakan haɗa although da but, ko because da so, a jimla ɗaya.

Bambancin da ya fi shafar karatu shi ne matsayin gangar da ke sifanta suna:

(3) wo zuotian mai de shu
ni jiya saya de littafi
'littafin da na saya jiya'

A Sinanci gangar ce take gaba, suna ya zo a ƙarshe. A Ingilishi, kamar a Hausa, suna ne yake gaba, bayanansa su bi shi, kuma suna iya yin tsawo iyakar yadda marubuci ya so. Idan aikau ya yi nisa da aikataunsa saboda ganguna biyu ko uku da suka shiga tsakani, ɗalibi yakan rasa wanda ya yi aikin. Don haka ne feɗe "dogayen jimloli masu wuya" ya zama wani sashe na musamman a shirin jarrabawa.

4.0 Kalmomi

Manhajar babbar sakandare ta 2017, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2020, ta zo da jerin kalmomi kimanin 3,000, rabinsu waɗanda ake sa ran ɗalibi ya zo da su daga firamare da ƙaramar sakandare. Hanyar da aka fi bi ita ce hadda: kalmar Ingilishi a gefe ɗaya, ma'anarta ta Sinanci a ɗaya gefen, malami kuma ya riƙa yin shifta don gwaji. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga yaron da ya haddace haruffan Sinanci dubbai ta hanyar maimaitawa, kuma tana da amfani wajen tara kalmomi da yawa cikin ɗan lokaci. Rauninta shi ne tana sa ɗalibi ya ɗauka kowace kalma tana da kishiya guda ɗaya tak a ɗaya harshen.

Misalai suna da yawa. Aikatau kai yana nufin buɗe ƙofa, yana kuma nufin kunna fitila, sai a sami "open the light". Kalmar kan ta haɗa karanta littafi da kallon talabijin da ziyartar aboki, inda Ingilishi yake buƙatar read da watch da visit. Basine "cin" magani yake yi, chi yao, kamar yadda Bahaushe yake shan sa, alhali Ingilishi take yake so. Kalmar jie kuwa ta haɗa karɓar aro da bayar da shi, don haka borrow da lend suke rikicewa. Duk waɗannan matsaloli ne na abokan tafiyar kalma, waɗanda jeri mai layi biyu ba ya koyarwa.

Akwai kuma bambancin ƙirar kalma. Yawancin kalmomin Sinanci harɗaɗɗu ne masu bayyana kansu: dianhua 'maganar lantarki' ita ce tarho, diannao 'ƙwaƙwalwar lantarki' ita ce kwamfuta, huoche 'keken wuta' shi ne jirgin ƙasa. Kalmomin ilimi na Ingilishi kuwa daga Latin da Girkanci aka gina su, kuma ma'anar sassansu a ɓoye take ga wanda bai san saiwar ba. Ɗalibin Faransa ko Sifen yana gane da yawa daga cikinsu kyauta. Basine ba shi da wannan gata. Shi ya sa manhajar ta tanadi koyar da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, domin ɗalibi ya iya fitar da unhappiness daga happy.

5.0 Karatu

Karatu ne yake da kaso mafi tsoka. A takardar sabon tsari akwai nassoshi huɗu masu tambayoyi 15 na zaɓi, da nassi na biyar da aka cire masa jimloli biyar, ɗalibi ya mayar da su daga cikin bakwai da aka ba shi. Sashen amfani da harshe shi ma karatu ne a haƙiƙa, domin cike gurbi ne a cikin nassi: gurabe 15 na zaɓin kalma, da 10 na nahawu, inda ake ba da saiwar kalma a nemi siffarta da ta dace, ko a bar gurbin babu taimako. Wannan ya maye gurbin tsohon salon tambayar nahawu a jimla ɗaiɗai, kuma ci gaba ne, tun da lokaci da the ba su da ma'ana sai a mahalli.

Sai dai akwai giɓi tsakanin jerin kalmomi da buƙatar karatu. Hu da Nation (2000) sun nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin nassi kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, sa'annan Nation (2006) ya ƙiyasta cewa hakan yana buƙatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000 a littattafan hikaya da jaridu. Kalmomi 3,000 sun isa a ci jarrabawar da aka tsara a kansu, amma ba su isa a karanta jarida cikin sauƙi ba. Malamai sukan cike giɓin da dabaru: fara karanta tambaya kafin nassi, neman jimlar da ke ɗauke da jigon sakin layi, da kintacen ma'ana daga mahalli. Dabarun suna da kyau, amma idan suka zama su ne darasin, ɗalibi yakan iya gano amsa ba tare da ya karanta nassin ba.

Wani yunƙuri na magance wannan shi ne tambayar "karanta ka ci gaba", wadda lardin Zhejiang ya fara amfani da ita a 2016, kuma take da maki 25 a takardar sabon tsari. Ana ba ɗalibi labari da aka yanke, da jimlolin buɗe sakin layi biyu, a ce ya ƙarasa. Tunanin da ke bayanta, wanda ake dangantawa da masani Wang Chuming, shi ne mai rubutu yakan daidaita harshensa da na nassin da ya karanta. Wanda bai fahimci labarin ba, ba zai iya ƙarasa shi ba. Duk da haka, kasuwar littattafan shiri ba ta yi jinkiri ba wajen fitar da jerin jimlolin bayyana tsoro da murna da nadama domin hadda.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa matsalolin ɗalibin Sin iri biyu ne. Na farko daga ƙirar harshensa suke: rashin sauyin aikatau, da rashin takwarorin the da a, da fifita batu, da sanya gangar sifa a gaban suna. Waɗannan ana iya hango su, a kuma tsara darasi dominsu. Na biyu daga jarrabawa suke, wadda take yanke abin da za a koyar da yadda za a koyar da shi. Sauye-sauyen da aka yi daga 2014, lokacin da aka fara gwajin sabon tsari a Shanghai da Zhejiang, sun nuna cewa hukuma ta zaɓi gyara aji ta hanyar gyara takardar jarrabawa. Ga masu nazarin harsuna a Nijeriya, akwai fage a buɗe na kwatanta kurakuran Basine da na Bahaushe da Bayarabe da Ibo a Ingilishi, domin a tantance wanne ne daga harshen uwa, wanne ne kuma daga wahalar Ingilishin kansa.