Ƙarƙashin Rada Ko Ƙarƙashin Sakaci?

Duk lokacin da zancen haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba ya taso, sai ka ji jami'i ya ce da Turanci wai ana yin abin ne "under the radar". Kwanaki na ji wani gidan rediyo ya fassara wannan da "a ƙarƙashin rada". Dattijon da ke kusa da ni ya waiwayo ya ce, raɗar wa?

Rada na'ura ce mai hango jirgin sama daga nesa. Robert Watson-Watt ya gwada ta a Ingila a 1935, ba a jima ba matuƙa suka gane cewa jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa yakan sulale ba ta gan shi ba. Daga nan Bature ya ari maganar. Yakan faɗe ta ga ɗan fasa-ƙwauri mai ɓad da sawu. Yakan faɗe ta wajen yabon ɗan ƙwallon da ke aiki shiru ba a san da shi ba. Yakan kuma faɗe ta ga abin da ke fili ƙarara amma masu alhaki suka kau da kai.

Wannan ma'ana ta ukun ce jami'ai ke cusawa cikin rigar ta farko. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. A tsakar gida ake niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da gubar, da rana tsaka ake kai yara maƙabarta, amma sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ankarar da duniya. Wa yaran nan suka ɓuyar wa?

Magabata ba su yi wa fassara wannan riƙon sakainar kashi ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, editanta Abubakar Imam kuma ya kawo labarin Yaƙin Duniya na Biyu da Hausar da manomi ke ganewa idan an karanta masa a ƙofar gida. A 1955 gwamnatin Arewa ta kafa hukumar harshen Hausa sukutum don daidaita kalmomi. Yau kuwa kowane ɗakin labarai gaban kansa yake yi, kuma malaman jami'o'inmu sun zuba ido.

Hausa ta raba "an ɓoye" da "an yi sakaci". Ya kai mai fassara, kafin ka buɗe makirufo, tambayi jami'in wanne yake nufi.