Alƙalancin Wasan Matasa a Wudil: Gaskiya ko Jita-jita?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili a Wudil bayan la'asar, ranar da unguwa biyu suka haɗu a gasar matasa, ya san wanda ya fi kowa shan magana: mai usur. Alƙali ɗan Adam ne, yakan yi kuskure. Amma sau da yawa mu 'yan kallo ne muke riƙe da dokar da muka ji a bakin mutane, ba mu taɓa dubawa ba. Dokokin ƙwallon ƙafa 17 ne, kuma hukumar IFAB, wadda aka kafa a 1886, ita ke tsara su. Bari mu auna wasu maganganunmu da su.

"Duk ƙwallon da ta taɓa hannu laifi ce"

Doka ta 12 ba ta faɗi haka ba. Ana busawa idan ɗan wasa ya kai hannu da gangan, ko ya baza shi ya ƙara wa jikinsa faɗi ba tare da motsinsa ya buƙaci haka ba, ko kuma ya ci ƙwallo da hannu, ko nan take bayan ta taɓa masa hannu. Yaron da aka ɗirka wa ƙwallo daga kusa, hannunsa na manne da jiki, bai yi laifi ba. Waccan gurguwar fahimta ta samo asali ne daga wasan layi: tunda babu alƙali, sai muka yarda duk taɓawa "han" ce, don a kashe gardama. Da ita muka girma.

"Wanda ya karɓi ƙwallo a bayan 'yan baya ya yi satar gida"

Ana duba inda yake ne a daidai lokacin da abokinsa ya buga masa, ba lokacin da ya karɓa ba. Idan a sannan yana sahu ɗaya da na biyun ƙarshe a cikin abokan hamayya, ko yana cikin rabin filin ƙungiyarsa, babu laifi. Haka kuma babu satar gida ga wanda ya karɓa kai tsaye daga jifa, ko kwana, ko bugun gola. Abin da ke ruɗa mu shi ne ido yana bin ƙwallo. Kafin mu waiwayo, mai gudu ya riga ya wuce, sai mu rantse a can yake tun farko.

"Tunda ƙwallo ya fara taɓawa, babu ƙeta"

Taɓa ƙwallo ba ya wanke mugun shiga. Shiga da sakaci yana jawo bugun tazara, shiga da ganganci yana jawo katin gargaɗi, ƙarfin da ya wuce kima kuwa jan kati ne. A nan alƙalin matasa ya fi buƙatar goyon bayanmu, domin filayenmu da rani ƙasa ce busasshiya, kuma ƙashin yara bai gama ƙwari ba. Maganar ta yaɗu ne saboda muna yaba wa ɗan baya mai zafi, har yara suka ɗauka tsoratar da abokin hamayya gwaninta ce.

"Ya ga ƙeta bai busa ba, an saye shi"

Doka ta 5 ta ba shi damar barin wasa ya ci gaba idan tsayarwa za ta cuci waɗanda aka yi wa laifin, kuma yana iya ba da katin daga baya. Sannan da zarar an ci gaba da wasa bayan hukunci, ba shi da ikon janye shi, kome yawan masu kewaye shi. Tun da aka fara amfani da na'urar VAR a gasar cin kofin duniya ta Rasha a 2018, mun saba ganin maimaici sau biyar a gidan kallo. Alƙalinmu kuwa kallo ɗaya yake samu, cikin ƙura, wani lokaci babu masu tuta, kuma layin fili ya goge.

"Alƙali ne zai fitar da wanda ya wuce shekaru"

Tantance shekaru aikin masu shirya gasa ne, tun wajen rajista. Ido ba ya iya wannan aiki. Ko FIFA sai da ta koma ga hoton ƙashin wuyan hannu na MRI a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda Najeriya ta karɓi baƙuncinta, har aka buga wasanni a filin Sani Abacha na Kano. Muna ɗora wa alƙali laifin ne don shi muke gani a tsakiyar fili.

Da yawan masu busa wa matasa su ma koyo suke yi, kamar yaran da ke gabansu. Idan muka kore su da zagi da jifa, gobe babu mai karɓar usur, kuma yaran sun koyi cewa hukunci na mai ƙarfin murya ne. Littafin dokokin yana intanet kyauta. Kowane koci ya zaunar da yaransa su karanta doka ɗaya kowane mako kafin atisaye. Cikin mako 17 sun sauke.