3.4 Kalmomin Ingilishi Masu Nuna Gurguwar Kwaikwayo da Matsalar Fassara Su Zuwa Hausa

Wannan sashe zai duba wasu kalmomi huɗu na Ingilishi, wato "ape" da "parrot" da "mimic" da kuma "travesty", waɗanda dukkansu suke ɗauke da ma'anar kwaikwayo. Abin da ya sa aka keɓe su shi ne, sau da yawa mai fassara yakan mayar da su duka zuwa kalma guda, wato "kwaikwayo", alhali kuwa a Ingilishi kowaccensu tana da irin nauyin zargi ko reni da take ɗauke da shi.

3.4.1 Koyi da Kwaikwayo a Hausa

Kafin a shiga kalmomin Ingilishin, ya kamata a bambance kalmomi biyu na Hausa. A karin harshen Kananci, wanda shi ne ake yi a Madadi da sauran garuruwan ƙasar Gwarzo da Kabo, "koyi" ya fi zuwa a kan abin kirki, kamar a ce yaro ya yi koyi da malaminsa. Ita kuwa "kwaikwayo" tsaka-tsaki ce, ba yabo ba zargi, shi ya sa ma aka sami "wasan kwaikwayo" a matsayin sunan wani reshe na adabi. Ke nan idan Bahaushe yana son ya nuna cewa kwaikwayon bai yi kyau ba, dole ne ya ƙara wata kalma ko ya nemi wata dabam.

3.4.2 Kalmar "Ape"

Asalin wannan kalma sunan nau'in manyan birai ne. Idan aka yi amfani da ita a matsayin aikatau, tana nufin mutum ya kwaikwayi wani ba tare da tunani ko gwaninta ba. Misali:

1. He apes the white man's accent.

Idan aka fassara wannan jimla da "Yana kwaikwayon maganar Bature", an zubar da renin da ke cikinta. Haka kuma sanya "biri" a fassarar ba zai gyara ba, domin a tunanin Bahaushe an fi sanin biri da ɓarna a gona. Abin da ya fi dacewa shi ne, "Yana ta laƙwasa harshe wai shi Bature."

3.4.3 Kalmar "Parrot"

Wannan sunan aku ne, kuma a matsayin aikatau tana nufin maimaita maganar wani ba tare da fahimta ba. A nan ma al'adun biyu sun sha bamban. A cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku ne mai hikimar ba da labarai, har ya kai ga zama waziri. Saboda haka kwatanta mutum da aku a Hausa ya fi nuna yawan surutu ko iya magana. Idan ɗalibi ake nufi, sai a ce "ya yi hadda ba fahimta". Idan kuwa mai bin maganar babba ne ido rufe, sai a ce "ɗan amshin Shata", wanda ya samo asali daga 'yan amshin Alhaji Mamman Shata, mawaƙin da ya rasu a 1999.

3.4.4 Kalmar "Mimic"

Wannan kalma daga Girkanci ta samo tushe, daga sunan ɗan wasan kwaikwayo. Ta bambanta da biyun farko domin mai yin ta yakan kasance gwani, kuma da gangan yake yi don ba da dariya. Misalinta a ƙasar Hausa shi ne wasan tashe na watan azumi, inda yara kan yi shigar wasu mutane suna kwaikwayon tafiyarsu da muryarsu. A nan kam "kwaikwayo" ta wadatar.

3.4.5 Kalmar "Travesty"

Ta shigo Ingilishi ne ta hanyar Faransanci, da ma'anar sauya tufafi don ɓad da kama. A yau ana nufin abin da ya ɗauki siffar na gaskiya amma ya zama abin kunya. Misali:

2. The trial was a travesty of justice.

Ba daidai ba ne a ce "kwaikwayon shari'a". Bahaushe zai ce, "Shari'ar jeka-na-yi-ka ce." Kalmomin "jabu" da "bogi" ma ba su dace ba, domin sun fi zuwa a kan kuɗi ko takardu ko kayan da aka yi don yaudara.

Bisa ga waɗannan bayanai, za a ga cewa Ingilishi yana cusa zargin ne a cikin kalmar kanta, ita kuwa Hausa ta fi fitar da shi ta hanyar salon magana da ƙananan kalmomi irin su "wai". Don haka wajibi ne mai fassara, ko a rediyo ko a kotu ko a aji, ya fara tantance ko mai magana reni yake yi ko raha, kafin ya zaɓi kalma.