Garkuwar da ke ɓoye a hanjin kazar Hausa

Duk wanda ya saba cefane a kasuwar Wuse ya san kazar Hausa ta fi ta gidan gona tsada idan aka dubi ƙanƙantar jikinta. Masu saye daɗin nama suke bi, masana kuwa hanjinta ne ya ɗauke musu hankali.

Kazar gida tana tonon ƙasa, tana cin ƙwari da dusa, kuma tun tana tsako take tsintar ƙwayoyin bakteriya daga kashin uwarta. Cikinsu akwai dangin Lactobacillus, masu fitar da sinadari mai tsami da ke hana Salmonella sakat. Tsakon inji bai san uwa ba, don haka yakan soma rayuwa ba tare da wannan garkuwar ba.

A 1973, masu bincike Nurmi da Rantala na ƙasar Finland sun nuna cewa tsakon da aka ɗura wa abin cikin hanjin lafiyayyar kaza yakan tsira daga Salmonella.

Muhimmancin wannan a fili yake. Yawan zuba wa kaji maganin kashe ƙwayoyin cuta na haifar da ƙwayoyin da ba sa jin magani, irin waɗanda suka hallaka mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019. Tarayyar Turai ta haramta amfani da shi don ƙara wa dabbobi girma tun 2006.

Sai dai ba kowace ƙwaya ce ta dace ba. Dole ta jure tsamin ciki da ruwan matsarmama, kuma kada ita kanta ta ɗauko taurin kai ga magani. Tantance hakan aiki ne na ɗakin gwaji, mai bukatar kuɗi da haƙuri.