Daji da bukatar al'ajabi: misalin itacen Tenere

Idan aka tambayi abin da ke sa ayarin Abzinawa ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, amsar farko ita ce gishiri da dabino, waɗanda ake musanyawa da gero a ƙasar Hausa. A ganinmu wannan amsa ba ta isa ba.

Mu ɗauki misalin itacen Tenere: kandili guda, tsaye shi kaɗai cikin rairayi bisa hanyar ayari. Da aka gina rijiya gefensa a 1938-1939, an iske saiwoyinsa sun kai ruwa a zurfin fiye da mita 30. Matafiya na bukatar makamashi, raƙuma na bukatar ganye, amma aka bar shi tsaye saboda girmamawa. Mota ce ta kayar da shi a 1973, aka kai gangar jikinsa gidan tarihi na Yamai.

Ke nan, ban da riba, mai shiga daji yana neman abin da ya fi ƙarfin saninsa, ya tsaya gabansa da mamaki, ya koma gida da labarinsa.